Yadda Za Ku Gina Wasan Kiɗa da Kwaikwayo a Kan Rayuwar Tsohon Mai Hoto a Damagaram

A gidaje da yawa na unguwannin Birni da Zango a Damagaram akwai hoto baƙi da fari, ko a rataye a bango ko a ƙasan adaka: kaka da rawani ya dafa keke, ko amarya ta zauna gaban labule mai zanen fure da rediyo a cinyarta. Mutanen gida sun san wanda ke ciki, sun san shekarar da aka yi bikin. Wanda ya ɗauki hoton kuwa sai an juya bayan takardar a ga hatimin shagonsa, in ma akwai hatimin. Waɗannan mutane su ne suka fara ajiye fuskokin garin nan, yawancinsu sun rasu ko sun tsufa, kuma fim ɗinsu yana lalacewa cikin zafi da ƙura. Wannan jagora don ƙungiyar wasa ce, ko ɗalibai, ko makaɗa, da ke son ɗora rayuwar ɗaya daga cikinsu a kan dandali.

Wasan da nake nufi ya bambanta da wanda muka saba. Damagaram ba baƙuwar wasan kwaikwayo ba ce. Ƙungiyar su Yazi Dogo ta yi suna daga nan, samariya ta zamanin Seyni Kountché ta horar da 'yan wasa masu yawa, ga kuma wasan kara da ya riga su duka. Amma a waɗannan magana ce ke jan ragama, kiɗa yana biye. A sabon salon wasa irin wannan, kiɗa da haske da hoton da aka haska da jikin ɗan wasa duk suna ba da labari, wani lokaci minti biyar su wuce ba wanda ya buɗe baki. Dalili kuwa yana cikin sana'ar kanta. Hoto ba ya motsi, ba ya magana, dandali kuma motsi ne da sauti. Duk aikinku yana wurin haɗa waɗannan biyun, kuma hanya mafi kyau ita ce ku ɗauko tsarin wasan daga yadda mai hoto ke aikinsa.

Zaɓen wanda za a yi wasan a kansa

Akwai sanannu da tarihinsu yake a rubuce. Seydou Keïta na Bamako ya buɗe shagonsa a 1948, yana ajiye rediyo da agogo da alƙalami da keke don masu zuwa su riƙe a ɗauke su, ya rasu a 2001. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, ya bi matasa wuraren rawa da bakin kogi, a 2007 aka ba shi babbar kyautar baje kolin Venise. Felicia Abban ta Gana tana cikin matan farko da suka riƙe wannan sana'a a ƙasarta, ta kuma yi aiki a zamanin Nkrumah. A nan Nijar akwai Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki daren Yamai da shagulgulanta a shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014. Can nesa kuma akwai Eadweard Muybridge, haifaffen Ingila a 1830, wanda a 1878 a Kalifoniya ya jera kamara 12 ya ɗauki doki yana sukuwa, aka ga akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu duk ba sa taɓa ƙasa. Mutumin nan ya harbe wanda yake zargi da neman matarsa a 1874, kotu ta sake shi. Mai tsara kiɗa ɗan Amurka, Philip Glass, ya yi wasan kiɗa a kan rayuwarsa a 1982, don haka hanyar ba sabuwa ba ce.

Shawarata ita ce ku karanta labarin waɗannan don ku san fagen, sa'an nan ku nemi naku na gida. Ku tambayi masu hoton da ke aiki yanzu wa ya koya musu, ku tambayi wancan wa ya koya masa. Kafin ku hau mataki uku za ku iso ga wani suna da tsofaffi ke maimaitawa. Kada ku yi mamaki in kun tarar baƙo ne. A garuruwan Sahel da dama Yarabawa da mutanen Togo da Dahome da Gana ne suka shigo da sana'ar, 'yan gari suka koya a hannunsu. In haka ya kasance, labarin ya ƙara armashi: baƙo ne ya ajiye wa gari fuskarsa. Ku dai kula kada Hausarsa ta zama abin dariya a dandali, domin wannan raha ce mai arha kuma za ta kashe muku wasan.

Sallama da hira

Kada ku je da kamara da na'urar ɗaukar murya a ranar farko. Ku nemi wanda iyalin suka yarda da shi ya kai ku, ku je da goro, ku gaida Baba in yana raye, ko Hajiya da manyan 'ya'ya in ya rasu, ku faɗi abin da ya kawo ku dalla-dalla: wasa za a yi, gaban jama'a, za a haska hotuna, za a ambaci sunansa. Ku bar su su yi shawara. Sai a zuwa na biyu ko na uku za a fara ɗaukar murya, da izininsu.

Tambayar da ke ɓata hira ita ce "Baba, ba mu tarihinka". Zai ba ku shekarar haihuwa da ta aure da ta Makka, a gama cikin minti goma. Ku tambaye shi aikin hannu. Wace irin kamara ya fara riƙewa, nawa ya saye ta, wa ya ranta masa kuɗin? Me yake faɗa wa mutum kafin ya ɗauka? Yaya yake sa jariri ya dubi kamara? Daga ina takarda da ruwan wanki suke zuwa, Kano ko Yamai, kuma me yake yi in sun yanke? A garin da ruwa yake da wuya irin namu, ina yake samun na ɗauraye hotuna? Wace rana ce kasuwarsa ta fi ci, Sallah ko lokacin da maniyyata ke neman hoton fasfo ko lokacin jarrabawar 'yan makaranta? Wane ne bai zo karɓar hotonsa ba har yau? Wannan tambaya ta ƙarshe takan buɗe bakin tsoho fiye da kowace, ku ba ta lokaci.

Ku sa masa hoto a hannu ku yi shiru. Abin da zai faɗa yana kallon takardar ya fi abin da zai faɗa yana kallonku. Ku kuma yi hira daban da matan gidan, mace ce za ta yi ta. Ku tambaya ko akwai mata ko 'ya da ta taɓa taya shi wanki ko shanya ko yanke gefen hoto da almakashi, da yadda ake yi in matan kulle suna son hoto. Ku nemi tsofaffin yaran shagonsa, su ne suka san fushinsa da rowarsa da kyautarsa. Wasan da ya nuna mutum ba shi da aibi ko ɗaya ba wanda zai gaskata shi, har 'ya'yansa.

Ku ɗauki muryar a ɗaki mai shiru, wayar tana kusa da bakinsa, a kashe fanka. Muryar nan za ta shiga cikin kiɗan, don haka tsabtarta tana da muhimmanci.

Fim da hotuna

In aka fito muku da akwati ko kwali, ku wanke hannu ku busar, ku riƙa kama fim ta gefe kawai. In kun buɗe kuka ji wari mai tsami yana tashi, fim ɗin ya fara ruɓewa ke nan. Ku ware waɗanda suka kamu daga masu lafiya, domin tururin da suke fitarwa yana hanzarta lalacewar sauran. Waɗanda suka manne da juna kada ku ɓamɓare su da ƙarfi. In kun ci karo da na gilashi, ku tsayar da su a gefensu da takarda tsakani, kada a jibga su. Tsohon fim na kafin shekarun 1950 yana iya zama mai saurin kama wuta, a nisanta shi da murhu da taba.

Kwafewa ba ta bukatar babban kayan aiki. Ku buɗe farin shafi a kwamfuta ko babbar waya, ku ɗaga fim ɗin kaɗan sama da gilashin don ɗigon allon kada ya fito, ku ɗauka da wata wayar da aka kafe ba ta rawa, sa'an nan ku juya baƙi ya koma fari da manhajar gyaran hoto. Ku yi wannan a gidan masu kayan, gabansu. Kowane hoto a ba shi lamba a littafi, a rubuta abin da aka ce game da shi da wanda ya faɗa. Ku bar wa iyalin kwafin komai.

Izini iri biyu ne

Hoto yana da masu shi biyu: wanda ya ɗauka da wanda aka ɗauka. Da iyalin mai hoto ku yi takarda a rubuce, da shaidu, a faɗi hotuna nawa za a yi amfani da su, a ina, da kason da za su samu in kuɗi ya shigo. Ofishin kare haƙƙin masu fasaha na ƙasa, BNDA, shi ne wurin neman bayani kan yadda ake tsara irin wannan.

Na biyun ya fi wuya kuma ya fi muhimmanci. Damagaram gari ne da aka san juna. Yarinyar da ta tsaya ba lulluɓi a hoton 1968 yau Hajiya ce mai jikoki, kuma jikokin za su zauna cikin 'yan kallo. Duk fuskar da aka gane, a je gidansu a nuna musu hoton a nemi yardarsu. In sun ƙi, an gama magana, ko da shi ne hoton da ya fi kyau a akwatin. Wanda ba a gano danginsa ba kuna iya haska hannuwansa kawai, ko takalminsa, ko zanen labulen bayansa. Sau da yawa wannan ya fi dukan fuskar ƙarfi a dandali. Hoton da ya shafi fada kuwa, ta hannun fadawa za a bi a kai gaisuwa a nemi izini.

Ƙashin bayan wasan

Kuskuren da ya fi saurin zuwa shi ne a fara daga haihuwa a ƙare a jana'iza. Ku bar wannan wa mai rubuta tarihi. Ku zaɓi hotuna 7 zuwa 9, kowanne ya zama fage guda, ku jera su bisa matakan aikin hoto: zuwan mai neman hoto da ciniki, zama da gyaran riga, ɗauka, shiga duhu, wanki, shanya, sai karɓa ko rashin zuwa karɓa. Rayuwar mutumin za ta shigo ta tsakanin waɗannan matakai, ƙuruciyarsa a fagen farko, tsufansa a na ƙarshe, ba tare da wani ya tsaya yana sanar da shekara ba.

In ya taɓa aiki da kamarar akwati, wadda ke tsaye kan ƙafa uku a bakin kasuwa ko gaban ofis, kun samu kyauta. Yadda take aiki wasa ne da kansa. Mai hoto yana cire murfin ido, ya ƙirga, ya mayar. Ya zura hannu ta wani hannun riga baƙi cikin akwatin, ya wanke takardar a ƙananan kwanonin da ke ciki yana leƙe ta ƙaramar kafa. Abin da ya fito juyayye ne, fuska baƙa ta zama fara, farar riga ta zama baƙa. Sai ya manna shi a wani katako gaban kamarar ya sake ɗaukar sa, sa'an nan hoton gaskiya ya fito. Ku sa kafinta ya ƙera muku irinta, ku bar 'yan kallo su ga kowane mataki a hankali.

Tarihin ƙasa ya shigo ta ƙofar shago, a bakin masu zuwa. Tsoho mai tuna lokacin da Zinder, wato Damagaram, take babban birnin ƙasa kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Ɗan kasuwar gyaɗa da ya zo da sabon keke. Matashi da ke son hoto ranar 3 ga Agustan 1960, ranar da Nijar ta samu 'yancin kai. Makiyayin da fari na 1973 ko na 1984 ya raba da dabbobinsa, yana neman hoton takardar tafiya. Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan hoto da ake shigowa da su suka yi tsada. Zuwan injinan wankin hoto mai launi, daga baya wayar hannu da ta sa kowa ya zama mai hoto. Ku ɗauki uku ko huɗu da suka dace da shekarun mutuminku, sauran ku bari.

Akwai fage guda da nake ganin bai kamata a kauce masa ba, wato batun hoto da addini. Duk wanda ya yi wannan sana'a a ƙasar Hausa ya gamu da wanda ya ce masa ba ya so a ɗauke shi don tsoron Allah, ya kuma gamu da maniyyacin da ba zai tafi Makka ba sai da hoton fasfo. Ku ba kowannensu mutuncinsa a dandali. Kada malamin ya zama abin dariya, kada kuma mai hoton ya zama mai laifi. Ku rubuta fagen, ku karanta wa wani malami da kuke girmamawa kafin ku fara gwaji.

Kiɗa

A nan ne wasan zai tsaya ko ya faɗi, don haka makaɗa su shigo tun makon farko, ba sai an gama rubutu a kira su su cike gurbi ba. Huɗu ko biyar sun isa: mai kalangu, mai gurmi ko goge, mata biyu masu ƙwarya, in da hali da mai sarewa.

Ku fara da ƙirga. Mai hoto yana cewa "kada ka motsa", ya ƙirga ɗaya, biyu, uku. Wannan ƙirgar ita ce tushen kiɗan duka. Kiɗa ya taso, ya yi ta hawa yayin da ake gyara wa mutum zama, da zarar an cire murfin kamara sai komai ya tsaya cak, makaɗa da 'yan wasa, har a gama ƙirgar. A fagen farko shirun ya zama daƙiƙa 3. A na tsakiya ya kai 10. Kusa da ƙarshe ku gwada 30. 'Yan kallo za su yi guna-guni da farko, wani ya yi tari, wani ya yi dariya, amma in kun koya musu dokar tun farkon wasa za su riƙe numfashi tare da ku.

Na biyu, muryar tsohon. Ku zaɓi jimloli biyar ko shida daga hirar, gajeru, masu daɗin faɗa. A kunna jimla, mai kalangu ya saurara ya maimaita hawa da saukarta da ganga, kamar yadda kalangu ya saba yin magana. A sake kunnawa su tafi tare. A karo na huɗu ko na biyar a rage muryar a hankali har ta ɓace, kalangu ya ci gaba shi kaɗai. Daga nan duk lokacin da wannan kiɗan ya dawo, 'yan kallo za su ji maganar tsohon ko da ba a kunna ta ba. In mutumin ya riga ya rasu kuma ba a da muryarsa, ku ɗauki ta yaron shagonsa yana faɗin abin da maigidan yakan faɗa.

Na uku, ruwa. Wankin hoto aikin ruwa ne: kwanon da ke fito da hoto, na tsayar da shi, na kafe shi, sai ɗauraya. Kiɗan ƙwarya da ake kifawa a kan ruwa cikin babban masaki ya dace da wannan fage kamar don shi aka yi shi. Ku jera masaki uku da ƙwarya masu girma daban don sautinsu ya bambanta, matan su zauna cikin dandali a matsayin masu wankin, ku sa makirfo kusa da ruwan don a ji motsinsa da ɗigarsa.

Na huɗu, doki. Mu mutanen hawan Sallah ne, kuma da wuya a ce mai hoton garin nan bai taɓa fama da dokin da ya ƙi tsayawa ba. Hotunan sukuwar Muybridge sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana samun su a intanet. Ku haska su ɗaya bayan ɗaya a kan bugu 12: kalangu ya raba su uku-uku sau huɗu, ƙwarya ta raba su huɗu-huɗu sau uku. Ku fara a hankali sosai, hoto ɗaya bugu ɗaya, ku yi ta ƙara sauri har ido ya daina ganin hotuna ya ga doki yana gudu, sa'an nan ku yanke ku koma kan hoton mahayin Damagaram da ke tsaye. Fagen nan minti huɗu ya ishe shi, kuma yara za su fi tuna shi.

Sauran sautuka ku ɗauko su da waya: ƙarar maɓallin tsohuwar kamara, almakashi, bugun hatimi, hayaniyar Kasuwar Dole ranar Alhamis. Ku sa maroƙi ko zabiya su yi wa mai hoton kirari, abin da wataƙila ba a taɓa yi masa ba yana raye, amma sau ɗaya kawai a duk wasan. Tambari da kakaki na sarauta ne, kada ku taɓa su sai da izinin fada. Goge kuma wasu suna danganta shi da bori, ku san 'yan kallonku kafin ku yanke shawara. Abin da zan roƙe ku shi ne ku guji cika wasan da kiɗan piyano na kwamfuta don a sa mutane kuka. Maimaita ɗan gajeren kiɗa da canji kaɗan-kaɗan ya fi aiki, kuma makaɗanmu sun fi kowa iya shi.

Haske da allo

Kayan da ake bukata kaɗan ne: na'urar haska hoto guda, farin yadi mai faɗin mita 3 ko 4, jan ƙwan lantarki guda, fitilu biyu ko uku da za a iya kashewa daga wuri ɗaya, da filashin mai hoto na gaske. Ku ɗinke bututun ƙarfe a ƙasan yadin don iska kada ta kaɗa shi. In wuri ya ba da dama ku haska daga bayan yadin, saboda 'yan wasa su yi yawo gabansa ba inuwa. In kuna son hoton ya faɗa a jikin ɗan wasa, sai ku haska daga gaba ku sa masa farar riga, ya shiga ya tsaya daidai inda mutumin cikin hoton yake.

Kada hoto ya faɗo allo farat ɗaya. A kwanon wanki takarda takan ɗauki minti ɗaya zuwa biyu kafin hoto ya gama fitowa, baƙaƙen wurare su ne ke fara bayyana. Ku kwaikwayi wannan: dandali duhu sai jan ƙwai, ƙwarya tana tafiya, hoton yana tasowa a hankali. Manhajar nuna hotuna ta kwamfuta tana iya yin wannan. Filashi kuwa ku yi amfani da shi sau uku ko huɗu kawai, kuma a sanar tun a ƙofa saboda masu farfaɗiya.

Ku shirya wa ɗaukewar wuta. In janareta ne, a kai shi nesa da doguwar waya, domin ƙararsa za ta cinye shirun da kuka gina wasan a kansa. Batirin sola ya fi. Ku kuma tanadi fage guda da za a iya yi da fitilar hannu da kiɗa kawai, wanda kowa ya san za a koma kansa in wuta ta tafi.

Da rana kafin wasa kuna iya yin wani abu da ba ya cin ko dala. Ku samu ɗakin da tagarsa ke kallon titi, ku toshe duk wata kafar haske, ku bar huda ɗaya kamar faɗin ƙaramin yatsa. Bayan minti kaɗan ido zai saba, a ga titi da masu wucewa a bangon da ke fuskantar tagar, kai a ƙasa. Ibn al-Haisam, masanin da aka haifa a Basra ya yi aiki a Alkahira, ya yi bayanin wannan shekaru kusan 1000 da suka wuce, kuma kowace kamara a kansa ta dogara. Ku shigar da 'yan makaranta biyar-biyar.

'Yan wasa

Mutum biyar ko shida sun isa, kowa ya ɗauki matsayi da yawa. Abin da za su fi shan wuya a kansa shi ne tsayawa. Ɗan wasanmu ya saba da cika fage da magana da motsi, a nan kuwa ana so ya daskare, ido a buɗe, numfashi ba ya nunawa. Kowane zaman gwaji ku fara da minti 15 na wannan: a ba kowa hoto ya kwaikwayi zaman, har yadda yatsu suke a kan gwiwa, a ƙirga. Sa'an nan a tambaye shi abin da mutumin ya yi minti ɗaya kafin a ɗauka da minti ɗaya bayan an ɗauka, ya nuna da jiki. Daga nan yawancin fagagenku za su fito, ba daga takarda ba.

Shi mai hoton, ni na fi son a daɗe ba a ga fuskarsa ba. Ya kasance ƙarƙashin baƙin ƙyalle ko ya ba 'yan kallo baya, a san shi ta muryarsa da hannuwansa, sai can kusa da ƙarshe wani yaron shago ya zaunar da shi a kujerar da ya zaunar da dubban mutane, ya ce masa "Baba, kada ka motsa". In iyalin suna da hotonsa na gaske, nan ne wurinsa.

Wuri, lokaci da kuɗi

Wasan kada ya wuce sa'a guda. Ku ba kanku mako 8 zuwa 10 na gwaji bayan an gama bincike. Ana bukatar duhu sosai, don haka bayan sallar Isha za a fara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi dacewa da fili, sai dai ƙurar hunturu tana hawa idon na'ura, a riƙa rufe ta. Gidan matasa da al'adu, ko farfajiyar makaranta, ko harabar Jami'ar André Salifou duk suna yi, amma ƙaramin wuri mai ɗaukar mutum 100 zuwa 150 ya fi babban fili, domin shiru ba ya riƙuwa a taron dubu. Ku sanar da mai unguwa da hukumar gari da wuri.

A lissafin kuɗi ku fara da ladan makaɗa da kason iyalin mai hoto, sa'an nan hayar na'ura da lasifika, yadi, kafinta, mai, da abincin ranakun gwaji. Masu shagunan hoto na yanzu su ne na farko da za ku nema da taimako, ko da aron filashi da tsofaffin kamarori ne. Ku ba su wuri a ƙofa su kafa labule su ɗauki 'yan kallo, a raba abin da aka samu.

Mako guda kafin ranar, ku yi wasan gaba ɗaya gaban iyalin mai hoton da dangin waɗanda za a haska, su kaɗai. Ku zauna bayan an gama ku saurara. In Hajiya ta ce a cire wani abu, ku tambayi dalili, ku nemi wata hanyar faɗinsa, in ba ta samu ba a cire. Ku sa mutum ɗaya da littafi a bakin ƙofa a kowane dare, domin za a samu waɗanda za su gane wata fuska ko su ce akwai irin wannan hoton a gidansu. A rubuta lambar hoton da abin da suka faɗa, a ƙara cikin littafin da aka bar wa iyalin. In za ku kai wasan Mirya ko Magarya ko Matamaye, ku tura wani tun mako biyu kafin tafiya ya nuna wa dattawan garin hotunan, saboda mutanen can ma sun riƙa shigowa Damagaram ɗaukar hoto, kuma izinin da kuka samu a Birni bai shafi danginsu ba.